Filin Jirgin Saman Charleroi a Beljiyam: Tambayoyi da Amsoshi kan Tarihinsa, Gine-ginensa da Hanyoyin Isa Gare Shi

Da wuya mai neman tikitin jirgi mai araha zuwa Brussels, babban birnin Beljiyam, ya gama bincike a intanet bai ci karo da sunan Charleroi ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi maimaituwa a bakin masu shirin bi ta wannan fili, musamman waɗanda ba su taɓa sauka a cikinsa ba.

A ina filin jirgin saman Charleroi yake, kuma shi ne babban filin jirgin Brussels?

Ba shi ba ne. Filin yana Gosselies, a arewacin birnin Charleroi, cikin lardin Hainaut na yankin Waloniya, wato kudancin Beljiyam inda ake magana da Faransanci. Tsakaninsa da tsakiyar Charleroi kimanin kilomita 7 ne, tsakaninsa da Brussels kuwa kimanin kilomita 46 ne a miƙe, kuma hanyar mota ta fi haka tsawo. Babban filin jirgin Brussels yana Zaventem, kimanin kilomita 12 daga tsakiyar birnin ta arewa maso gabas, kuma shi ne cibiyar kamfanin Brussels Airlines da yawancin jiragen da ke yin dogon zango.

Abin da ke rikita mutane shi ne sunan da filin yake amfani da shi a kasuwa, Brussels South Charleroi Airport, wanda ya sa Brussels a gaba. Wannan dabara ce da filayen jiragen masu araha suka saba da ita a Turai: Beauvais yana ɗauke da sunan Paris alhali yana da nisan kusan kilomita 85 daga birnin, Hahn kuma yana ɗauke da sunan Frankfurt da tazarar da ta haura kilomita 100. Idan aka kwatanta da waɗannan biyun, Charleroi bai yi nisa ƙwarai da birnin da ya ari sunansa ba, amma tazarar ta isa ta sa wanda ya je filin da ba nasa ba ya rasa jirginsa.

Ta yaya zan tabbatar da filin da tikitina yake nufi?

A duba haruffa ukun da ke jikin tikiti. CRL na Charleroi ne, BRU na Zaventem ne. Sunan kamfanin jirgi kaɗai ba ya wadatarwa, domin Ryanair yana tashi daga filayen biyu tun 2014, kuma yana yiwuwa mutum ya tafi ta ɗaya ya dawo ta ɗayan ba tare da ya lura ba a lokacin sayen tikiti. Wannan ya fi shafar wanda ya ajiye motarsa a fili ɗaya.

Tun yaushe ake tashin jirage a Gosselies?

Tun 1919, lokacin da aka buɗe makarantar koyon tuƙin jirgi a wurin, jim kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Shekaru da dama bayan haka, ba jigilar fasinja aka san wurin da ita ba, ƙera jirage ne sana'arsa. A 1931 kamfanin Fairey na Birtaniya ya kafa reshensa, Avions Fairey, a Gosselies domin haɗa jiragen yaƙi wa sojojin saman Beljiyam. A Yaƙin Duniya na Biyu filin ya faɗa hannun Jamusawa, bayan an 'yantar da yankin a watan Satumba na 1944 kuma sojojin saman Amurka suka yi amfani da shi a matsayin sansanin gaba mai lamba A-87.

Bayan yaƙi masana'antar ta ci gaba. Kamfanin SABCA ya kafa ma'aikata a gefen filin, Sonaca kuma ya gāji Fairey a 1978, kuma a nan ne aka riƙa haɗa jiragen yaƙi samfurin F-16 na Beljiyam da Denmak tun daga ƙarshen shekarun 1970. An gwada jigilar fasinja a wannan tsakanin, har da zirga-zirga zuwa Landan, amma ba ta ɗore ba, saboda babu abin da zai sa matafiyi ya bar Zaventem ya zo nan muddin kuɗin tikiti ɗaya ne.

Me ya sa gwamnatin Waloniya ta dage a kan raya wannan fili?

Amsar tana cikin tarihin Charleroi kanta. Birnin ya yi arziki da kwal da ƙarfe da gilashi, har ake kiran yankin Baƙar Ƙasa saboda ƙurar kwal da tarin tokar ma'adinai da suka zama tsaunuka a kewayensa. A nan ne gobarar mahaƙar Bois du Cazier ta hallaka ma'aikata 262 a ranar 8 ga Agusta, 1956, fiye da rabinsu 'yan Italiya. Daga shekarun 1960 mahaƙun suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, ta ƙarshe a Waloniya, wato Roton da ke Farciennes kusa da Charleroi, ta rufe a 1984, masana'antar ƙarfe ma ta bi sahu da raguwa. Rashin aikin yi ya yi wa birnin katutu.

A daidai wannan lokaci Beljiyam tana sauya tsarin mulkinta, tana miƙa iko daga gwamnatin tsakiya zuwa yankuna, kuma kula da ƙananan filayen jirage yana cikin abubuwan da aka miƙa. Waloniya ta sami kanta da filaye biyu, ta raba musu aiki: Liège ya mai da hankali kan jigilar kaya, Charleroi kan fasinja. A 1991 aka kafa kamfanin BSCA domin gudanar da filin Charleroi, a 2001 kuma aka kafa SOWAER, hukumar yankin da ke kula da filaye da gine-gine da matsalar ƙarar jirage. Tun 2009 kamfanin SAVE na Italiya, wanda ke gudanar da filin jirgin Venice, yana da hannun jari a BSCA. Saboda haka tun asali ba a ɗauki filin a matsayin tashar sufuri kawai ba, an ɗauke shi hanyar samar da aiki a wurin da aiki ya ƙaura. Sanarwar rufe masana'antar Caterpillar ta Gosselies a 2016, wadda ta raba kusan mutum 2,000 da aikinsu, ta ƙara wa wannan hujja ƙarfi a idon 'yan siyasar yankin.

Wace rawa Ryanair ya taka wajen bunƙasar filin?

Rawa ce da ba za a iya ba da labarin filin ba tare da ita ba. A 1997 aka kammala buɗe sararin samaniyar Tarayyar Turai, ta yadda kowane kamfanin jirgi na ƙasa mamba zai iya yin jigila tsakanin kowane filaye biyu a cikin tarayyar. A wannan shekarar Ryanair ya fara zirga-zirga tsakanin Dublin da Charleroi. A 2001 ya mai da filin sansaninsa na farko a babban yankin Turai, wato ya girke jirage da matuƙa da ma'aikata da za su riƙa kwana a nan suna tashi da sassafe.

Adadin fasinjoji ya nuna sakamakon. A 2001 ba su kai miliyan ɗaya ba, a 2010 sun haura miliyan 5, a 2019 sun haura miliyan 8. Annobar korona ta durƙusar da zirga-zirga a 2020, amma filin ya farfaɗo da sauri har ya haura fasinja miliyan 10 a 2024, kuma shi ne na biyu a ƙasar bayan Zaventem. Sai dai dogaro da kamfani guda yana da haɗarinsa, domin duk lokacin da aka yi maganar ƙarin haraji ko kuɗin sauka, kamfanin yana iya barazanar kwashe jiragensa zuwa wata ƙasa, kuma filin ba shi da wanda zai cike gurbin nan take.

Mece ce shari'ar tallafin gwamnati da ake dangantawa da Charleroi?

Wannan ita ce shari'ar da ta sa masana dokar gasa a Turai suka san sunan filin. A yarjejeniyar 2001, gwamnatin Waloniya ta rage wa Ryanair kuɗin sauka da rabi, BSCA kuma ya yi masa rangwamen kuɗin hidimar jirage a ƙasa, ya ɗauki wani ɓangare na kuɗin talla da na horar da ma'aikata da na buɗe sababbin hanyoyi. A nasa ɓangaren, Ryanair ya yi alkawarin girke jirage a filin na tsawon shekara 15. A watan Fabrairu na 2004 Hukumar Tarayyar Turai ta yanke cewa wani sashe na waɗannan rangwame tallafin gwamnati ne da ya saɓa wa dokar gasa, ta kuma umarci a dawo da kuɗin, kimanin Yuro miliyan 4.

Ryanair ya ɗaukaka ƙara, kuma a watan Disamba na 2008 Kotun Matakin Farko ta Tarayyar Turai ta soke hukuncin. Dalilinta shi ne hukumar ta yi kuskure da ta raba gwamnatin yankin da BSCA, maimakon ta ɗauke su abu guda ta auna ko ɗan kasuwa mai zuba jari da kuɗin aljihunsa zai amince da irin wannan yarjejeniya don ribar da yake hange. Da hukumar ta sake nazari, a 2014 ta wanke yarjejeniyoyin da aka yi da Ryanair, amma ta ce kuɗin hayar da BSCA ke biyan yankin ya yi ƙasa da kima, dole a ɗaga shi.

Muhimmancin shari'ar ya wuce Beljiyam, domin ita ce ta haifar da ƙa'idojin da hukumar ta fitar a 2005 kan yadda gwamnatoci za su iya tallafa wa ƙananan filayen jirage da sababbin hanyoyi. A ganina tambayar da ta taso a lokacin har yanzu tana da nauyi: idan aka yi amfani da kuɗin jama'a don jawo kamfani mai zaman kansa, ya kamata jama'a su san abin da aka bayar da abin da aka samu. A Charleroi ayyukan yi sun samu, wannan ba abin musu ba ne, amma akwai ƙananan filaye a Turai da suka bi wannan hanya suka ƙare da ginin da babu kowa cikinsa bayan kamfanin ya tafi.

Me ke sa tikiti daga nan ya fi araha?

Kuɗin da filin ke caza a kan kowane fasinja ya yi ƙasa da na Zaventem, kuma an tsara komai don kada jirgi ya daɗe a ƙasa. Fasinjoji suna takawa da ƙafa daga ƙofa zuwa jirgi, su hau ta gaba da ta baya lokaci guda, babu gadar shiga jirgi da za a biya kuɗinta. Ryanair yana auna minti 25 tsakanin saukar jirgi da sake tashinsa, kuma yana amfani da jirage samfuri ɗaya, Boeing 737, mai kujeru 189 ko 197, domin sauƙin gyara da horarwa. Titin jirgi guda ne kuma yana kusa da ginin matafiya, don haka jirgi ba ya ƙona mai yana zagaye kafin ya tashi.

Sauran arahar kuwa daga wuyan fasinja take fitowa. Kuɗin tikiti na kujera ce da ƙaramar jakar da za ta shiga ƙarƙashin kujerar gaba. Babbar jakar hannu, akwatin da za a auna, zaɓen kujera da abinci, duka da kuɗinsu daban, kuma wanda bai yi rajistar shiga jirgi ta intanet ba kafin ya iso zai biya tara mai tsada a teburin rajista na filin. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma lissafin gaskiya shi ne a haɗa kuɗin tikiti da na kaya da na motar zuwa da dawowa, sannan a kwatanta da farashin Zaventem. Sau da yawa Charleroi zai ci gaba da rinjaye, musamman ga mai tafiya da ƙaramar jaka, amma ga iyali masu manyan akwatuna bambancin yana iya narkewa.

Waɗanne kamfanoni ke amfani da filin, kuma ina suke zuwa?

Ryanair ne ke da kaso mafi girma, yana zuwa Italiya, Sifaniya, Fotugal, Faransa, Girka, Ayalan, Birtaniya, Polan da biranen Maroko da dama kamar Marrakesh, Fez, Tanja da Nador. Wizz Air, wanda ya zo a 2004, ya fi karkata ga gabashi da tsakiyar Turai. Pegasus yana zuwa filin Sabiha Gökçen na Istanbul. Yawan hanyoyin Italiya da Maroko da Turkiyya yana da dalili: jikokin ma'aikatan da aka ɗauko daga waɗannan ƙasashe don aikin mahaƙu da masana'antu suna cikin manyan abokan cinikin filin.

An gwada dogon zango. A 2018 kamfanin Air Belgium ya fara zuwa Hong Kong daga nan, amma ya dakatar cikin 'yan watanni. Wanda zai tafi nahiya mai nisa, Zaventem ne hanyarsa.

Waɗanne gine-gine da kayan aiki ke filin?

Gine-ginen matafiya biyu ne, kuma ana takawa daga ɗaya zuwa ɗaya. Na farko, wanda shi ne babba, an buɗe shi a watan Janairu na 2008 a arewacin titin jirgi, ya maye gurbin ƙaramin tsohon gini da ke kudu. An tsara shi don fasinjan da ba su wuce miliyan 5 a shekara ba, adadin da aka haura cikin shekara uku. Na biyu an buɗe shi a 2017 don rage cunkoso. Da yake fasinjoji yanzu sun ninka abin da aka gina na farkon dominsa, layin binciken tsaro da wuraren jira sukan cika maƙil da asuba da kuma lokutan hutun makarantu, kuma kujerun zama ba su isa kowa. Akwai shaguna, wuraren cin abinci, injinan cirar kuɗi da ofisoshin hayar mota, amma ba da yalwar da ake gani a manyan filaye ba.

Titin sauka da tashi guda ɗaya ne. Tsawonsa a da mita 2,550 ne, a 2021 aka kammala ƙara shi zuwa mita 3,200, abin da ya ba jirage damar tashi da cikakken nauyi zuwa wurare masu nisa. Tun 2009 filin yana da na'urar saukar da jirgi ta mataki na uku, wato mafi inganci, wadda ke ba da damar sauka cikin hazo mai kauri, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a tudun Gosselies inda hazon hunturu ya saba rufe gari.

Filin yana aiki dare da rana?

A'a. Lokacin tashi da saukar jiragen fasinja daga ƙarfe 6:30 na safe ne zuwa ƙarfe 11 na dare. An yi sassauci ga jiragen da sansaninsu yake nan, waɗanda za su iya dawowa bayan ƙarfe 11 idan jinkirin ba laifin kamfanin ba ne, kuma ko wannan akwai iyakar da aka sa masa. Dalilin dokar yana cikin amsar da ta yi bayani kan maƙwabtan filin.

Ga matafiyi, ma'anar wannan ita ce jirage da yawa suna tashi a jere daga 6:30, don haka cunkoso mafi tsanani yana farawa tun wajen ƙarfe 4:30 na asuba. Wanda jirginsa na cikin waɗannan, ko dai ya kwana a ɗaya daga cikin otal-otal na Gosselies da Charleroi, ko ya hau motar tsakar dare daga Brussels. Bai kamata a yi shirin kwana a cikin ginin matafiya ba sai an duba lokutan buɗe shi da rufe shi a shafin filin.

Wace hanya ce mafi sauƙi zuwa Brussels?

Motocin bas na kamfanin Flibco, waɗanda ke tashi daga gaban filin zuwa tashar jirgin ƙasa ta Brussels-Midi ba tare da tsayawa ba. Tafiyar kimanin awa ɗaya ce idan hanya a buɗe take, amma da safe da yamma a ranakun aiki cunkoson hanyar da ta kewaye Brussels yana iya ƙara mata lokaci sosai. Motocin suna tashi a kai a kai, suna fara aiki tun cikin dare domin masu jiragen asuba, kuma sayen tikiti ta intanet tun da wuri ya fi araha. Daga Brussels-Midi ana samun jirgin ƙarƙashin ƙasa da taragon cikin gari, da jiragen Eurostar zuwa Landan, Paris da Amsterdam, da jiragen Jamus zuwa Cologne da Frankfurt.

Kamfanin yana kuma da motoci kai tsaye zuwa wasu birane, ciki har da Ghent, Bruges, Luxembourg da Lille ta arewacin Faransa. Ga mazauna Lille da kewaye, Charleroi tamkar filinsu ne na biyu.

Za a iya zuwa da jirgin ƙasa?

Za a iya, amma sai an haɗa da bas, domin layin dogo bai shigo filin ba. Motar kamfanin TEC, mai jigilar jama'a a Waloniya, tana kai fasinja tashar Charleroi-Central cikin kimanin minti 20. Wannan ita ce tashar da aka sani da Charleroi-Sud kafin a sauya mata suna a ƙarshen 2022, kuma tsohon sunan yana nan a wasu tsofaffin bayanai. Daga can jirgin ƙasa yana kai wa Brussels cikin ƙasa da awa ɗaya ta Nivelles, akwai kuma jirage zuwa Namur, Liège da Mons. Kamfanin jiragen ƙasa na Beljiyam, SNCB, yana sayar da tikiti guda da ya haɗa bas da jirgi zuwa kowace tasha a ƙasar. Akwai kuma motocin da ke haɗa filin da ƙananan tashoshin Fleurus da Luttre.

Wannan hanya ta fi dacewa da wanda ba Brussels ya nufa ba, ko wanda zai yi tafiya a lokacin cunkoson motoci. Ba ta dace da jirgin 6:30 ba, domin jiragen ƙasa na farko ba sa isowa da wurin da ake buƙata.

Me ya sa har yanzu babu tashar jirgin ƙasa a filin?

An shafe shekaru ana tattauna gina tasha a ƙarƙashin ginin matafiya da sabon layin da zai haɗa ta da layin Brussels, amma tsadar aikin ta sa aka jingine shi, aka koma ga motocin haɗi zuwa tashoshin da ke kusa. Akwai kuma sarƙaƙiyar mulki: filin na yankin Waloniya ne, layin dogo kuwa na gwamnatin tarayya ne, kuma kuɗin gina layuka ana raba shi tsakanin yankuna bisa wani ma'auni da aka amince da shi. Zaventem yana da tasha a ƙarƙashin gininsa.

Wannan shi ne babban raunin Charleroi. Fili mai karɓar fasinja miliyan 10 a shekara, a ƙasar da ke cikin waɗanda suka fi yawan layin dogo a Turai, bai kamata ya dogara kacokan kan kwalta ba. Duk hatsarin da ya toshe babbar hanya yana nufin mutane da dama za su rasa jirginsu, kuma tikitin mai araha ba a mayar da kuɗinsa.

Yaya batun zuwa da mota, tasi da wurin ajiye mota?

Filin yana kusa da mahaɗar manyan hanyoyi biyu: A54 wadda ke zuwa daga Brussels ta Nivelles, da E42 wadda ta ratsa Waloniya daga Mons zuwa Namur da Liège. Wuraren ajiye mota kashi-kashi ne, na kusa da ƙofa sun fi tsada, na nesa sun fi sauƙi, kuma kama wuri ta intanet kafin ranar tafiya ya fi biya a bakin shinge. Tasi zuwa Brussels yana da tsada, har kuɗinsa yana iya wuce na tikitin jirgin, don haka a yi ciniki ko a tabbatar da farashi kafin a shiga, kuma a hau daga layin tasi na hukuma kawai.

Zan iya sauya jirgi a Charleroi, ko in haɗa shi da jirgin Zaventem?

Ana iya yi, amma alhakin yana wuyan matafiyi. Kamfanonin masu araha daga wuri zuwa wuri suke sayar da tikiti. Idan mutum ya sayi tikiti biyu daban, to sai ya karɓi akwatinsa, ya fita, ya sake miƙa shi, ya sake bin layin tsaro, kuma idan jirgin farko ya makara, kamfani na biyu ba shi da wajibin sa shi a wani jirgi kyauta. Tsakanin Charleroi da Zaventem kuwa, tafiyar mota kaɗai kusan awa ɗaya ce, ban da jiran kaya da jiran bas da lokacin da ake rufe karɓar kaya a ɗaya filin. Tazarar da ta gaza awa biyar ko shida kasada ce. Wanda fasfonsa ke buƙatar biza ya karanta amsa ta gaba kafin ya sayi irin wannan tikiti.

Wace takarda ake buƙata, kuma ana duba fasfo?

Beljiyam tana cikin yankin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da suka cire binciken fasfo a kan iyakokin da ke tsakaninsu. Jirgin da ya taso daga wata ƙasar Schengen, kamar Italiya ko Sifaniya, ba ya bi ta teburin shige da fice, kodayake kamfanin jirgi zai nemi fasfo ko katin shaida a ƙofa. Jirgin da ya taso daga Maroko, Turkiyya, Birtaniya ko Ayalan kuwa daga wajen Schengen yake, kuma 'yan sandan tarayya za su duba takardu. Ayalan tana rikita mutane, domin tana cikin Tarayyar Turai amma ba ta cikin Schengen, kuma bizar Schengen ba ta shiga da mutum can. Romaniya da Bulgariya sun shiga tsarin ta fuskar jiragen sama tun ƙarshen Maris na 2024.

Mai sauya jirgi da tikiti biyu daban, wanda sai ya fita ya karɓi kayansa, ya shiga ƙasar Beljiyam ke nan a idon doka, don haka yana buƙatar izinin shiga Schengen ko da awa uku kawai zai yi. Haka kuma Ryanair yakan buƙaci waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba su kai takardunsu a tantance kafin su wuce binciken tsaro a wasu hanyoyi, kuma wannan layi ne na daban da ya kamata a sa cikin lissafin lokaci.

Idan jirgi ya makara ko aka soke shi, mene ne haƙƙina?

Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta shafi duk jirgin da ya tashi daga Charleroi, komai arahar tikitin. Idan aka soke tafiya, fasinja yana da zaɓi tsakanin a mayar masa da kuɗinsa ko a sa shi a wani jirgi, kuma wajibi ne kamfani ya ba shi abinci da masauki idan jiran ya kai ga kwana. Idan aka isa da jinkirin awa uku ko fiye, ko aka soke ba da isasshiyar sanarwa ba, akwai diyya: Yuro 250 ga tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba, Yuro 400 ga wadda ta fi haka a cikin tarayyar ko wadda ba ta wuce kilomita 3,500 ba, Yuro 600 ga mafi nisa.

Ba a biyan diyyar idan dalilin ya fi ƙarfin kamfanin, kamar mummunan yanayi. A nan ne batun yajin aiki yake da muhimmanci, domin Beljiyam ƙasa ce mai ƙungiyoyin ƙwadago masu ƙarfi, kuma yajin aikin gama-gari ya sha tsayar da tashin jirage a Charleroi ɗungurungum. Idan ma'aikatan tsaron filin ko masu kula da sararin samaniya ne suka daina aiki, yawanci babu diyya, sai dai mayar da kuɗi ko sauya jirgi. Idan kuwa matuƙa ko ma'aikatan kamfanin jirgin ne da kansu, Kotun Tarayyar Turai ta yanke a 2021 cewa wannan ba uzuri ba ne, diyya ta wajaba. Kuɗin bas da na tikiti na biyu da aka saya daban, kamar yadda aka bayyana a amsar sauya jirgi, ba sa cikin abin da wannan doka ta tanada.

Akwai taimako ga masu buƙata ta musamman da tsofaffi?

Akwai, kuma kyauta ne bisa dokar Tarayyar Turai ta 2006. A sanar da kamfanin jirgi aƙalla awa 48 kafin tashi. Wannan ya fi muhimmanci a nan fiye da manyan filaye, tunda ana hawa jirgi ta matakala, kuma wanda ba zai iya hawa ba sai an tanadar masa motar ɗagawa.

Yaya maƙwabtan filin suke ji da ƙarar jirage?

Filin yana tsakiyar unguwanni ne, ba a daji ba. Jumet, Ransart, Gosselies da Heppignies duk suna kewaye da shi, kuma jiragen da ke tashi ta yamma suna bi ta kan gidajen mutane. Gwamnatin Waloniya ta shata yankunan ƙara hawa-hawa, SOWAER kuma tana sayen gidajen da suka fi kusa daga masu son tashi, tana sa wa na bayansu tagogi da rufin da ke rage ƙara. Dokar rufe filin da dare, wadda aka yi bayaninta a sama, ita ce babbar kariyar da mazauna suke da ita, shi ya sa saukar jiragen da suka makara bayan ƙarfe 11 take yawan jawo ƙorafi da ƙararraki a kotu.

Duk lokacin da batun sabunta lasisin muhalli na filin ya taso, ɓangarorin sukan fito fili: kamfanin filin da ƙungiyoyin ƙwadago suna maganar dubban ayyukan da suka dogara da shi, har da na rukunin masana'antu da cibiyoyin bincike na Aéropole da ke gefensa, mazauna da masu kare muhalli kuma suna neman a sa iyaka ga yawan tashi da sauka. Dukansu suna da hujja, kuma yawancin waɗanda ke kwana a ƙarƙashin hanyar jiragen 'yan garin ne da aka raya filin don a samar musu aiki.